Ku Tambayi Kawu: Ni Ma'aikacin Wane Ne, Banki Ko Ejan?

Tun da na taɓo maganar aikin kwantiragi a fitowar da ta gabata wasiƙu suke ta shigowa, har na rasa wadda zan ɗauka in bar wata. Na zaɓi huɗu. Na cire sunayen masu wasiƙun da na kamfanonin, kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 33, ina da babbar difloma a fannin akanta, ina da mata da yara biyu. Shekara shida na yi ina aikin kashiya a wani banki a nan Kano. Katin da nake ratayawa a wuya tambarin bankin ne a jiki, manajan reshe ne yake ba ni umarni, shi yake ba ni izinin fita ko ya hana. Amma takardar ɗaukata aiki ta wani kamfanin samar da ma'aikata ce mai ofis a Legas, wanda ban taɓa taka ƙofarsa ba. Wanda muke kanta ɗaya da shi ma'aikacin dindindin ne, ni na koya masa aikin, albashinsa ya kusa ninka nawa uku. Sau biyu ina rubuta jarrabawar da aka ce za a mayar da mu na dindindin, har yau ba sakamako. Wata uku da suka wuce, wata Juma'a bayan mun rufe lissafi, saƙo ya shigo wayata cewa daga Litinin ba a buƙatata. Na sami manaja, ya ce wallahi shi ma yanzu yake ji, kuma ni ba ma'aikacinsu ba ne, in nemi kamfanina. Kamfanin ba sa ɗaga waya. Ba kuɗin notis, albashin watan ƙarshe ma rabi ya shigo. Da na je kamfanin fanshona aka buga mini bayanin asusu, sai na tarar wata 19 ba a zuba ko kwabo ba, alhali duk wata ana cirewa. Kawu, wa zan kama? Daga ɗanka a Rijiyar Zaki, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya musanya maka da mafi alheri, Ya rufa maka asiri da kai da iyalinka.

Wasiƙarka ta hana ni barci, domin na san wannan tsari daga ciki. Sama da shekara ashirin na yi ina jami'in ma'aikata a wata masana'anta a Bompai. Ina nan lokacin da masu kamfanin suka yanke shawarar a sallami leburori da masu dako da masu shara, a ce su koma ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Da hannuna na rubuta jerin sunayen. Ranar Asabar suka tashi suna ma'aikatanmu, da katin asibiti da garatuti da ƙungiya. Ranar Litinin suka dawo ta ƙofar da suka saba, suka tsaya gaban injin da suka saba, amma ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Akwai wani dattijo mai kula da tukunyar tururi da ya zo ofishina bayan wata biyu, hannunsa a naɗe da tsumma ya ƙone, yana neman takardar zuwa asibitin kamfani. Na ce masa yanzu ba mu ne da shi ba. Bai yi mini musu ba, ya ce "To, Malam," ya juya. Har yau ina neman gafarar Allah kan wannan amsa, kuma ita ce amsar da manajanka ya ba ka.

Ka fahimci yadda abin yake tafiya. Banki ba ya son ɗaukar nauyinka: fansho, asibiti, ƙarin girma, haƙƙin sallama, da ƙungiyar da za ta tsaya maka. Sai ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin dillancin ma'aikata, yana biyansa kuɗi a dunƙule kan kowane kai, da ladansa a sama. Shi kamfanin ne zai ba ka albashi, ya zuba maka fansho. Duk abin da ya danne daga wannan kuɗi ribarsa ce. Banki yana morar guminka ba tare da sunanka ya shiga littafinsa ba, dillali yana cin kuɗin kanka ba tare da ya taɓa ganin fuskarka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan rigima ta taso kowa ya nuna ɗan'uwansa, kuma da gangan aka gina abin a haka.

To amma doka ba ta bar ka a tsakiyar titi ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka yi tun 1974, a sashe na 91 ta ce mai ɗaukar aiki ya haɗa da wanda ya ɗauki mutum don ya yi wa wani aiki. Saboda haka kamfanin nan na Legas ba zai zille ba, shi ne uban gidanka na farko a idon doka, kuma shi za ka fara kamawa. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sallama: wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka kwana ɗaya, wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba mako ɗaya, daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar mako biyu, shekara biyar zuwa sama wata guda. In ba a ba da wa'adin ba, a biya kuɗinsa. Kai shekara shida ka yi, daga Juma'a zuwa Litinin kuwa ba wata guda ba ne. Ka shirya, za su ce kwantiragin shekara-shekara ne ake sabunta maka, don haka ba ka taɓa wuce shekara ɗaya ba. Maganin wannan shi ne bayanin asusunka na banki da ke nuna albashi yana shiga wata bayan wata har shekara shida ba yankewa. Ka kuma karanta takardar ɗaukarka da kyau. In ta yi alkawarin wa'adin da ya fi na doka, nata za a bi.

Maganar fansho ita ce ta fi nauyi, kuma a nan ka fi ƙarfi. Dokar fansho ta 2014 ta ce ana cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10, a zuba su a asusun ma'aikaci cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya cire bai zuba ba akwai tara a kansa, ba ƙasa da kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ba a kowane wata. Wata 19 ɗin nan kuɗinka ne aka riƙe, ba alfarma kake nema ba. Ka haɗa bayanin da kamfanin fansho ya buga maka da takardun albashin da ke nuna an cire, ka rubuta ƙorafi ga hukumar PenCom mai kula da harkar fansho ta ƙasa. Wani abin da matasa da yawa ba su sani ba: wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana da damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Saura wata guda ka cika wa'adin. Za su nemi takardar sallama, don haka ka matsa a ba ka ita a rubuce, saƙon waya kaɗai zai wahalar da kai. Ba na son mutum ya taɓa kuɗin tsufansa, amma mai yara biyu da kuɗin haya a gabansa ya fi ni sanin halin da yake ciki.

Ka daina kiran waya. Waya ba ta barin shaida. Ka rubuta wasiƙa guda, ka jera abin da kake bi: rabin albashi, kuɗin notis, fansho na wata 19, takardar sallama. Ka sa kwanan wata, ka ba su mako biyu. Ka aika wa kamfanin ta masu kai saƙo da ke ba da rasit, ka kai kwafi reshen bankin a buga maka hatimin karɓa, ka aika wani hedikwatarsu. Bankin ba ya son sunansa a takardar ƙara, sau da yawa kiran da zai yi wa dillalin ya fi kiranka ɗari. In wa'adi ya cika shiru, ka tafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, jami'an ƙwadago suna kiran ɓangarori su zauna, kuma ma'aikatar ce ke ba irin waɗannan kamfanoni lasisi. In nan ma abin ya faskara, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano, kuma ita ke da hurumin duk wata shari'ar aiki. Wannan kotu ba ta tsayawa ga abin da takarda ta ce kawai, tana duba wa yake ba da umarni, wa yake da ikon hukuntawa, a ina ake aikin. Shi ya sa lauyanka zai iya haɗa bankin da dillalin a ƙara ɗaya. Katin nan na wuya, da duk wata takardar tuhuma ko yabo da manaja ya sa wa hannu, kada ka yar da ko ɗaya.

Kuma ba na jin kai kaɗai aka sallama ranar. Ka nemo sauran. Mutum goma da lauya ɗaya sun fi mutum ɗaya da lauya ɗaya, ga sauƙin aljihu.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ɗana ya gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan yana zaune. Ya ga talla a Facebook ta wani ofis a Kaduna da ke sama wa mutane aiki a kamfanonin sadarwa. Muka biya naira 10,000 kuɗin fom. Aka kira shi intabiyu aka ce ya ci, sai a kawo 45,000 na horo da gwajin lafiya. Na sayar da tunkiyata na ba shi. Yanzu wata biyar, kullum sai a ce sunansa yana kan layi. Sun kuma karɓi takardunsa na asali wai za a tantance. Sun nuna mana satifiket na CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, a bango, shi ya sa muka yarda. Ko mu ƙara haƙuri? Daga wata uwa a Rigasa, Kaduna.

AMSA: Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar yaron nan, Ya mayar miki da abin da ya fi tunkiyar. Kada ku ƙara haƙuri, kuma kada ku ƙara ko sisi.

Satifiket ɗin da kika gani a bango shaida ce kawai ta an yi wa suna rajista. Mai shagon kayan masarufi ma yana iya samunsa. Wanda zai yi sana'ar sama wa mutane aiki lasisi yake buƙata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma wannan takarda ce daban. Ita ya kamata a ce a nuna, a duba lambarta da ranar ƙarewarta. Kamfanonin da ke wannan sana'a tsakani da Allah suna da ƙungiya mai suna HuCaPAN, ana iya tambaya ko ofishin yana cikinta.

A ƙa'idar wannan sana'a, wanda yake neman ma'aikata shi yake biyan dillali, ba mai neman aiki ba. Haka yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tanada tun 1997, Najeriya kuma ta amince da ita a 2023. Ki lura da hikimar abin: dillalin da ke jiran lada daga kamfani ba zai ci ba sai yaronki ya fara aiki, don haka zai tashi tsaye. Wanda ya riga ya karɓa daga hannunki ya gama cinikinsa ranar da kuɗin ya shiga. Ofis irin wannan hajarsa ita ce fom ɗin, aikin kuwa babu shi.

Abin da ya fi damuna takardun. Kuɗi ana sake samu, amma karɓo wani satifiket daga jami'a in na asali ya ɓata wahala ce ta watanni. Mai tantancewa na gaskiya yana duba na asali a gabanka ya miƙo maka, kwafi yake riƙewa. Gobe yaron ya je, kada ya je shi kaɗai, ya tafi da kawunsa ko wani babba mai kwarjini. Takardun za su fara nema, cikin lalama, su ce ana buƙatarsu a wani wuri. Sai sun shigo hannu sannan a yi maganar kuɗi. In sun hana, ko aka tarar da ofis a kulle, a wuce wurin 'yan sanda da rasit ko shaidar tura kuɗin, domin karɓar kuɗi kan aikin da babu shi damfara ce. A kuma sanar da ofishin ƙwadago na Kaduna don a tsare 'ya'yan wasu.

Ki gaya wa yaron kada kunya ta kama shi. Garin da a da masaƙun unguwar Kakuri ke ɗaukar dubban mutane aiki, yau mai digiri yana bin talla a waya. Wanda ƙishi ya dama ba ya tsayawa duba launin ruwa, su kuma da wannan suke farauta.

TAMBAYA: Kawu, ƙanwata bazawara ce da yara uku. Wata mata a unguwarmu ta ce za ta kai ta Saudiyya aikatau, ba sai ta biya komai ba, za a riƙa cirewa daga albashinta har a gama biyan kuɗin biza da jirgi. Ta karɓi fasfonta. Babu wata takarda da muka gani. Ni hankalina bai kwanta ba, amma gida ana ganin kamar ina mata baƙin ciki. Daga yayanta a Gusau.

AMSA: Ɗana, gara a ce kana baƙin ciki yau da a ce ka yi shiru. Mutanenmu sun daɗe suna zuwa ƙasa mai tsarki neman halali, wasu sun gina gidaje da shi, ba na hana kowa. Amma tafiya bisa bashin da ba a faɗi adadinsa ba, ba a rubuta ranar ƙarewarsa ba, ita ce hanyar da mata da yawa suka bi suka shekara suna aiki ba su ga riyal ɗaya ba. A can izinin zaman mai aikin gida a ɗaure yake da wanda ya ɗauke ta, ba ta da ikon ta tashi ta koma wani gida don ranta ya so. In ta gudu daga gidan da ake cutar da ita, ita ce za ta zama mai laifi.

Ka tambayi matar abu huɗu a gaban manyan gida: sunan kamfanin da take yi wa aiki da lasisinsa na kai ma'aikata waje, irin bizar, takardar kwantiragi mai ɗauke da albashi da sunan mai gidan, da jimillar bashin a rubuce. In bizar Umara ce ko ta ziyara, magana ta ƙare, ba a aiki da su. Kafin nan ta dawo da fasfon. In ta ƙi, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane don irin wannan aka kafa ta a 2003, ka kai mata rahoto.

TAMBAYA: Kawu, ni maigadi ne a wani kamfanin tsaro, an tura ni gadin wata ma'aikata a Sharaɗa. Awa goma sha biyu nake yi, albashina 38,000, shi ma sai ya kai tsakiyar wata. An cire mini kuɗin yunifom da takalmi. Ranar da na makara an yanke 3,000. Akawun ma'aikatar ya gaya mini a asirce abin da suke biya a kaina ya haura 100,000. Shekarata biyu, ba ni da ko takarda ɗaya. Ina tsoron in yi magana a kore ni. Daga wani bawan Allah a Ja'en, Kano.

AMSA: Malam, tsoronka yana kan hanya, ba zan ce ka je ka buga tebur gobe ba alhali akwai mutum ashirin a bakin ƙofa suna jiran gurbinka. Amma ka san haƙƙinka tukuna. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, kuma ya hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Kamfanin tsaron da ke rarraba masu gadi a ma'aikatu da wuya a ce bai kai haka ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku, kai ga ka a shekara biyu. Yankan albashi da sunan tara yadda sufabaiza ya ga dama shi ma doka ba ta sakar masa mara ba. Jinkirin albashi kuwa, ko ba dokar gwamnati, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe.

Ka sayi ƙaramin littafi. Kullum ka rubuta lokacin da ka karɓi aiki da lokacin da ka miƙa, ranar da albashi ya shigo, nawa ne, me aka cire. In hannu da hannu ake biyanku, ka nemi a koma turawa ta banki, ka ce don tsaron kuɗinka ne. Ka ɗauki hoton rajistar da kuke sa hannu a bakin get. Kada ka ambaci akawun nan ko da wasa, ya yi maka alheri, kada ka ja masa.

Sannan ka ƙirga abokan aikinka da ke ƙarƙashin kamfanin, na Sharaɗa da na Chalawa da duk inda aka tura su, ka ji ko halinku ɗaya. In kun kai goma da suka yarda, ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu gaba ɗaya, ku kai ofishin ƙwadago, ku roƙi jami'in ya zo duba kamfanin ba tare da ya karanta sunayenku ba. Ka sake rubuto mini bayan wata biyu da abin da littafin ya nuna da yawan mutanen da ka samu, zan taya ku tsara takardar.